"Jiki magayi": gargaɗi ne ko shawara?

Ɗan Kurmi: Assalamu alaikum jama'a. Jiya da daddare aka ɗan yi sa-in-sa a gidanmu ta waya. Yayana da ke zaune a Baltimo, can Amurka, ya kira Baba kan ya haƙura da tuƙin tirela, tunda gwiwa ta fara kumbura. Ya kawo masa misalin Ray Lewis, ɗan ƙwallon garinsu, irin ƙwallon nan tasu da ake sa hular kwano ana karo kamar raguna. Wai shekara 17 ya yi yana tsare tsakiyar baya wa Ravens, ƙungiyar ƙwallon garin, da tsokar damtsensa ta yage sai ya gane lokaci ya yi, ya sauka da mutuncinsa. Baba ya bari ya gama tsaf, sannan ya ce, "To ai shi ma jikinsa ne ya gaya masa, ba ɗansa ba. Jiki magayi." Yaya ya ce sam, maganar nan ga mai taurin kai ake faɗarta. Baba ya kashe waya. Har yanzu ba su gaisa ba, abin kuma ya dame ni. Wa ke da gaskiya?

Malam Na-Bakin-Kasuwa: Wa alaikumus salam. Yayanka ya fi kusa. Mu dai tun muna yara, in ka ji babba ya ce maka jiki magayi, to bulala ta kusa. Ƙanwar "wanda bai ji bari ba ya ji hoho" ce.

Maman Zahra: Malam, a yi haƙuri, ba a nan ta tsaya ba. Mai ciki ma ana ce mata jiki magayi, mai azumin da bai yi sahur ba ma haka. Ba kullum barazana ba ce. Baba bai yi kuskure ba.

Baƙon Amurka: Ɗan Kurmi, gaya wa yaya labarin bai cika ba. A watan Oktoba na 2012 damtsen ya yage, Lewis yana da shekara 37, kowa ya ce shi ke nan. Bai ajiye nan take ba. Aka yi masa aiki, farkon Janairu ya sanar cewa wannan ce fitarsa ta ƙarshe, ya ɗaura wa hannun abin kariya tun daga damtse, ya koma fili. Suka yi ta cin wasa har ranar 3 ga Fabrairu 2013 suka doke San Faransisko 34 da 31 a New Orleans, suka ɗauki kofin Super Bowl, babban kofin wasan. Na biyu ke nan gare shi, na farkon a 2001 shi ne ma gwarzon wasan. Ka ga jiki ya yi magana, mutumin ya ce masa dakata tukuna in ƙarasa. Da Baba ya san wannan, da shi zai kafa hujja.

Sarkin Zolaya: Wannan ba shi ne wasan da aka ɗauke wuta sama da rabin awa ba? Ranar na ji daɗi wallahi, na ce ashe ba mu kaɗai ba ne.

Gwaggon Yara: Ku bar batun wuta. Maganar nan ta tuna min kakata, Allah ya jiƙanta. Tana da wa ɗan dambe, gidan mahauta ne su. Da an gama girbi sai ya bi garuruwa shi da makaɗinsa, ba a ganinsa sai ruwa ya kusa sauka. Ita ke wanke masa zaren da yake naɗe hannu, ta ce in ta jiƙa shi ruwan ja yake komawa, ba ta san jininsa ba ne ko na wani. Wata shekara ya dawo ta kawo masa fura a ƙwarya, sai ta ga ludayin yana rawa a hannunsa, furar tana zuba a gemu. Ya ce sanyi ne. Sanyi a watan bazara! Uwarsu ta dube shi ta ce jiki magayi, ba ta ƙara ko kalma ba. Ya yi shiru, har ya kwana biyu bai fita ba. Ran na uku makaɗin ya zo ƙofar gida ya taɓa kalangu, ya kira shi da kirarinsa. Kakata ta ce tana tsakar gida tana sussuka ta ga ya miƙe kamar an ja shi da igiya. Shekara huɗu ya ƙara yana dambe. Daga baya sai ya zauna a zaure yana tambayarta, "Ke 'yar wa ce?" Ita da suka sha nono ɗaya. Amma ko a lokacin, in kalangu ya wuce a hanya sai ka ga ya dunƙule hannun dama. Har ta rasu, in aka faɗi karin maganar nan a gabanta sai ta ce, "Jiki yana gaya, kalangu ne ba ya bari a ji."

Maman Zahra: Allahu akbar. Gwaggo kin sa ni hawaye. Allah ya jiƙansu.

Baƙon Amurka: Amin. Gwaggo, abin da kika faɗa shi ne ya fi damun masu wannan wasa yanzu. Junior Seau, wuri ɗaya suke tsarewa da Lewis, shekara 20 ya yi yana karo da mutane. A watan Mayu na 2012 ya kashe kansa yana da shekara 43, da likitoci suka duba ƙwaƙwalwarsa suka sami cutar da yawan buguwar kai ke jawowa. Shi kuwa Luke Kuechly na ƙungiyar Carolina, a 2016 aka fitar da shi daga fili yana kuka bayan ya bugu a ka, a Janairun 2020 ya ajiye wasa yana da shekara 28, lokacin yana kan ganiyarsa. Damtse in ya yage kowa na gani. Ƙwaƙwalwa fa?

Malam Na-Bakin-Kasuwa: To ka ga maganata ta fito. Gayawar jiki hukunci ne, bayan an yi ɓarnar yake zuwa.

Maman Zahra: Ina fa, Malam. Shi wannan na ƙarshen ai ji ya yi tun da wuri ya tsira da sauran lafiyarsa.

Sarkin Zolaya: Ni dai ina da wasu a ƙasar nan da jiki ya gaya, likitan waje ya gaya, talaka ya gaya ranar zaɓe, amma kujera ta toshe kunne. Har an fara manna fastar zango na gaba.

Ɗan Tasha: Su ai maroƙansu sun fi na wan kakar Gwaggo yawa. Mota guda ake cikawa.

Hajiya Ta-Gabas: Kun fara ko? A dawo kan magana. Ni tambayata, wannan Lewis da ake ta yabo, ba shi ne aka taɓa kamawa ba?

Baƙon Amurka: Shi ne, Hajiya. A Janairun 2000 aka kashe mutum biyu da wuƙa a Atlanta bayan wata hatsaniya, aka tuhume shi da kisa. Daga baya aka janye wannan tuhumar, ya amsa laifin kawo cikas ga bincike, hukumar wasan ta ci shi tarar dala dubu 250. A 2014 aka kafa mutum-mutuminsa a ƙofar filin Ravens, a 2018 aka sa shi cikin zauren gwarazan wasan. A Baltimo lamba 52 ta rigar wasa tasa ce har gobe, amma in ka fita garin za ka sami masu tuna Atlanta kafin su tuna kofi.

Hajiya Ta-Gabas: To wannan kam ba jiki ne zai gaya ba. Iyayen waɗanda suka mutu ke da abin faɗa.

Ɗan Kurmi: Na gode ƙwarai. Amma har yanzu ban san me zan ce wa Baba ba. Gobe da asuba zai ɗauki kaya zuwa Legas.

Gwaggon Yara: Ɗana, kada ka ce masa komai a kan karin magana, ya fi ka saninta. Ka tashi ka riƙe masa jaka zuwa tasha, ka lura da yadda yake taka matakalar motar. Sannan ka gano wane ne mai kalangunsa, abokan tasha ne ko kuɗin makarantar ƙannenka.

Ɗan Tasha: Legas a wannan tsadar man? Nawa ake cika tankin tirela yanzu don Allah?