Falanster: gayya ce, gandu ne, ko rinji?

Jama'a, ina neman kalmar Hausa da za ta ɗauki "falanster". Sunan da Charles Fourier, Bafaranshen da ya rasu a 1837, ya raɗa wa ƙaton gidan da ya tsara ke nan: mutum kusan 1,600 a gini ɗaya, tukunya ɗaya, gona ɗaya, kowa ya zaɓi aikin da ransa ke so. Yana cikin waɗanda suka fara tunanin gurguzu tun kafin a san Marx.

Da na tambaya, wani Malam ya fara cewa "gayya". Allah ya gafarta Malam, gayya ai ta yini guda ce. A yi noma, a sha fura, kowa ya kama gabansa. Waɗannan kuwa zaman dindindin ne.

"Gandu" ya fi kusa, tunda ana noma tare, ana ci daga rumbu ɗaya. Sai dai gandu yana da maigida, kuma jini ne ya haɗa masu shi. A wajen Fourier hannun jari ne: a kasa riba kashi 12, aiki ya ɗauki 5, jari 4, gwaninta 3. Kun ga ashe bai ma kori mai kuɗi ba.

Wata 'yar'uwa kuma ta jefo "rinji", aka yi ta dariya. Ni ban yi ba. Ga dalilina: Faransa ta kama birnin Aljas, babban birnin Aljeriya, a 1830. A 1846 almajiran Fourier suka samu fili kusan hekta 3,000 a Sig, ta wajen birnin Oran a Aljeriyar, don su gwada tsarin nasu. Wa ya ba su? Gwamnatin da ke rabon ƙasar da sojojinta suka ci da yaƙi. Abin bai tafi yadda aka tsara ba, ya koma gonar da ake ɗaukar 'yan ƙodago, har da 'yan ƙasar. Duk da haka rinji ƙauyen bayi ne, Hajiya, kuma ba bayi aka zuba a Sig ba, don haka ba zan sa shi ba.

Na tsaya a kan "gandun tarayya". In ana maganar Sig kuwa, a ce "gandun tarayya na 'yan kama-wuri-zauna". Ya yi tsawo, na sani. Wanda ke da gajeren suna da bai ɓoye masu ƙasar ba, ya kawo.