Idan yaƙi ya ɓarke, wa ke da ta cewa: mai sanda ko masu ƙungiya?

Malamin Badujala, Unguwar Rimi:

Assalamu alaikum jama'a. Ni ke koya wa yara busa da ganga a wata makaranta a nan Kaduna, shi ya sa labarin manyan ƙungiyoyin makaɗa na Turai da Amurka ke jan hankalina. Akwai wanda ya tsaya mini a rai, ina son jin ra'ayinku.

A 1917 Amurka ta shiga yaƙi da Jamus. A lokacin, mai riƙe sanda a gaban makaɗan birnin Boston, wato jagoransu, haifaffen Jamus ne, Karl Muck. Mai ƙungiyar kuwa wani attajiri ne, Henry Higginson, wanda ya kafa ta tun 1881, kuma daga aljihunsa yake cike giɓin kuɗinta. A ƙarshen Oktoba suka je wasa garin Providence, sai aka aiko wa hukumar ƙungiyar da roƙon a buga taken ƙasa. Higginson da manajansa suka yi shawara su biyu, suka ƙi, ba su ko gaya wa Muck ba. Gari na wayewa jarida ta ce Bajamushe ya ƙi buga taken Amurka. Daga baya ya riƙa buga taken, amma ina! An riga an shafa masa baƙin jini. A Maris na 1918 aka kama shi, aka tsare shi a wani sansani a jihar Jojiya, a 1919 aka kore shi daga ƙasar.

Higginson ya fito ya kare shi, ban musa ba, amma bayan me? Ni a ganina an bar jaki an daki taiki. Mai sanda shi jama'a ke gani, masu yanke shawara suna ofis. Ko akwai mai ganin laifin Muck?

Tsohon Saje, Kawo:

Wa'alaikumus salam Malam. Mu da muka yi badujalar soja, wannan magana ba ta ma tasowa. An ce buga, ka buga. Amma ko a bariki, duk hafsan da ya san za a tambayi yaronsa wani abu a bainar jama'a ya ɓoye masa, ya ci amanarsa. Inda zan ɗan saɓa maka: baƙo a ƙasar da ke yaƙi da ƙasar haihuwarsa bai kamata ya jira a ce masa ya buga take ba. Me ya kawo jiran umarni a nan?

Maman Ilham, Barnawa:

Baba Saje, a gafarce ni, idan ya buga ba da izini ba ai mai biyan albashi zai ce ya wuce gona da iri. Malam, ga na kusa-kusa. Da Rasha ta afka wa Yukren a Fabrairun 2022, magajin garin Munik, Dieter Reiter, ya ba Valery Gergiev, ɗan Rasha mai riƙe sandar makaɗan garin, wa'adi ya fito ya yi tir da yaƙin. Kowa ya san Gergiev na hannun daman Putin ne. Ya yi gum, ranar 1 ga Maris aka sallame shi. Wannan ban tausaya masa ba, domin shi an tambaye shi ƙiri-ƙiri. Wanda ya ba ni tausayi shi ne Tugan Sokhiev, mai jagorantar makaɗa a Mosko da kuma Tulus ta Faransa. Da aka matsa masa ya zaɓi ɓangare, sai ya ajiye aikin duka biyun.

Ɗan Rigasa:

To idan gwamnati ce da kanta mai ƙungiyar fa? Makaɗan birnin Balin a zamanin Hitila ƙarƙashin ma'aikatar Goebbels, ministan farfagandarsa, suka koma. Mai riƙe sandarsu, Wilhelm Furtwängler, ya yi murabus a 1934 saboda rigimar da ta taso kan mai tsara kiɗa Hindemith, sannan ya dawo, har ya jagoranci wasan bikin ranar haihuwar Hitila a 1942. Bayan yaƙi an bincike shi, an wanke shi, amma har yau ana gardama a kansa.

Malamin Badujala, Unguwar Rimi:

Na gode. Hajiya, bambancin da kika kawo shi nake nema. Gergiev da Furtwängler sun san abin da ake so daga gare su, suka zaɓa, sai a auna su da zaɓinsu. Muck kuwa sai bayan an gama wasan ya san da roƙon. Baba Saje, maganarka tana da nauyi, amma ka tuna ko ni a 'yar makarantarmu, ranar fareti ba na ƙara ko waƙa ɗaya a kan jerin da shugaban makaranta ya sa wa hannu. Balle mutumin da makaɗa kusan ɗari ke kallon sandarsa, mai gida kuma bai ce masa uffan ba kafin wasan.