Wace kalma za mu sa wa "steampunk" da Hausa?

Jama'a, kalma guda ce ta tsaya min a wuya tun makon jiya. Ƙanwata na rubuta labari. Jarumarta 'yar shekara sha shida ce, 'yar wani mai gyaran agogo a Landan ta zamanin Sarauniya Biktoriya. Uban ya ɓace, ita kuma ta tattara tukunyar injin da ya bari, ta ɗinka ƙaton balan-balan, ta ɗaura kwale-kwale a ƙarƙashinsa, ta tashi sama nemansa. Shekaranjiya ta ce min, "Yaya, a bangon littafin me zan rubuta? Wane irin labari ne wannan da Hausa?" Na buɗe baki, na rasa abin cewa.

Ga wanda bai san nau'in ba: labari ne na "da a ce". Da a ce fetur da lantarki ba su ƙwace duniya ba, injin tururi ya ci gaba da mulki, har aka yi jirgin sama da mutum-mutumi da na'urar lissafi, duk da kwal da ruwan zafi suke aiki. Ko'ina bututun tagulla, hayaƙi, haƙoran ƙarfe na cizon juna. Marubuci K. W. Jeter ne ya ƙirƙiro sunan a 1987, cikin wasiƙar da ya aika wa mujallar Locus, yana tsokanar kalmar cyberpunk, sunan labaran kwamfuta da 'yan kutse, da ake yayi a lokacin. Da wasa aka fara, sunan ya bi su.

Mai sauƙin ita ce mu ara, mu ce "sitimfank". Na gwada a gida, Inna ta tambaya ko maganin sauro ne. A bar wannan.

Da na kai zancen gaban jama'a, wani ya kawo "labarin tururi", tunda steam shi ne tururi. Ma'anar ta yi daidai, sai dai Bahaushe in ya ji tururi kai tsaye madambaci ne ke faɗo masa a rai, ko majinyaci da aka lulluɓe da bargo yana surace. Sai mai karatu ya ɗauka littafin girke-girke ne. Amma ban yarda mu jefar da tururin ba, domin ba baƙonmu ba ne. Jirgin ƙasan da ya iso Kano a 1911 da tururi yake tafiya, daga baya kuma kwal ɗin Inugu aka riƙa zuba masa. Kakanninmu sun ga hayaƙinsa, sun ji kukansa.

Inda gardamar ta yi zafi shi ne rabin kalmar na biyu. Punk ɗin nan yana nufin kangara, ƙin bin abin da manya suka shimfiɗa. Wata 'yar'uwa ta dage sai an ce "tawayen tururi", wai in an cire tawayen an cire ran abin. Na fahimce ki, Hajiya, amma tawaye a kunnenmu da bindiga yake zuwa, kuma "kangarar tururi" kamar tukunya ce ta ƙi jin magana. Ni a ganina kangarar ba a suna take zaune ba, a jikin jarumar take. A zamanin da ake so yarinya ta zauna ta iya saƙa da shan shayi, ita tana ƙarƙashin inji riƙe da sifana, fuska duk baƙin mai, tabarau na masu walda a goshi. Kallabi ce tsakanin rawuna, mai karatu zai gane ba sai an rubuta masa a bango ba. Kuma irinta ta taɓa wanzuwa: a 1843 wata Baturiyar Ingila, Ada Lovelace, ta wallafa bayanin yadda na'urar lissafin Charles Babbage za ta bi umarni mataki-mataki, na'urar da har ya mutu ba a ƙera ta ba. Wasu daga cikin waɗannan labarai daga nan suke ɗaukar zare, su ce to, da a ce an ƙera ta fa?

Shi ya sa na fi karkata ga "almara". Tatsuniya ta Gizo da Ƙoƙi ce, tarihi kuma abin da ya faru ne. Almara tana tsakani: tana aron wuri da zamani na gaske, ta gina abin da bai taɓa faruwa ba a kai. Da an ce almara, madambacin ya fita daga zance.

Don haka ga abin da na miƙa: "almarar injin tururi" a rubutu, "almarar tururi" a baki. Ƙanwata ta riga ta rubuta na farkon a bangon da fensir, ta ce ba za ta bi da biro ba sai ta ji ta bakinku zuwa Juma'a.