Wai mi za mu kira niyuron da Hausa?

Salamu alaikum jama'a, cigiya nika yi. Ƙanena da ke karatun aikin jinya nan Sakkwato yana bita jiya da dare, sai niyuron niyuron yake ta yi, Inna na bisa tabarma tana jin shi, can tac ce kai mi ne ne wanga abu kuma? Yac ce jijiya ce Inna. Tac ce wace, wadda ake lalube a sa ƙarin ruwa ko wadda ke maƙale ma mutum a haƙori in yana cin tsire? Munka yi ta dariya amma fa babu wanda ya iya ba ta amsa.

Jijiya ta yi mana yawa. Ta jini jijiya, agara jijiya, saiwar itace ma jijiya. Kuma ba mu kaɗai ba, kalmar niyuron ɗin da Bajamushe Waldeyer, masanin jikin ɗan Adam, ya laƙaba ma abin a 1891 daga Girkanci take, asalinta jijiyar nama da tsirkiyar baka take nufi.

Sannan niyuron ba ita ce jijiyar da ake gani da ido ba, waccan dami ne na zarurruka. Niyuron ƙwayar halitta ce guda, a ƙwaƙwalwar mutum kaɗai akwai kusan biliyan 86.

Ni dai shawarata: damin mu ce jijiyar saƙo, ita kuma guda ɗin ƙwayar saƙo.

Wani malaminmu ya rubuto wai ƙwayar laka ta fi. Allah shi gafarta malam, ai ba cikin laka kaɗai take ba, akwai ta a ido akwai ta a bangon hanji. Wani kuma yac ce a bar ta niyuron kamar yadda anka bar rediyo, to a aji ba laifi, amma rediyo kowa ya gan shi ya taɓa shi, Inna fa?

Sassan niyuron ɗin sun fi daɗin raɗa ma suna. Dendirayit rassa ne kawai, su ke karɓar saƙo. Akzon zare ne guda dogo mai fitar da saƙon, wani daga ƙasan gadon baya har yatsan ƙafa, kusan mita 1. Kitsen da ke naɗe da zaren, mayalin, na ce kube kamar na takobi, shi ka sa saƙon gudu har wajen mita 120 a daƙiƙa.

Sinaps ne ya hana ni barci, wato wurin da saƙo ke tsallakawa daga wata ƙwayar saƙo zuwa wata. Kowa cewa yake mahaɗa, alhali galibi ƙwayoyin biyu ba su taɓa juna, ɗan rata ne tsakani, wutar lantarkin da ke tafe da saƙon ta zo bakin gaɓa ta tsaya sai wani sinadari ya ɗauki saƙon ya ƙetarar da shi kamar mai kwalekwale a gulbin Rima in ruwa ya cika. Don haka na ce wurin fito, sinadarin kuma ɗan fito.

Na gwada ma Inna yau da safe da shan inna (ba ke ba Inna, na ce mata), cewa cutar tana kashe ƙwayoyin saƙon cikin laka masu ba naman ƙafa umurni, shi ya sa ƙafar ke shanyewa. Ta gane nan take. Kube ne dai tac ce bai yi mata ba, wai mi ya haɗa kitse da takobi. Mai wata kalmar ya kawo.