Zazzaɓi ya ƙi sauka, ga ƙuraje masu zafi a kan yatsu

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a ɓoye sunana. Ƙanina ne, shekararsa 22. Tun yana firamare likita ya ce ciwon maƙogwaro ya taɓa masa bawul ɗin zuciya, wato ƙofar da ke hana jini komawa baya, aka sa shi allurar fenisilin duk wata, amma ya daɗe da dainawa. Wata biyu da suka wuce aka cire masa haƙori. Yau sati uku ke nan zazzaɓi na zuwa yana tafiya, da gumi cikin dare, ya rame. An yi maganin maleriya sau biyu, an yi na taifot. Shekaranjiya wasu ƙuraje ja kamar ƙwayar wake suka fito masa a kan yatsu, ko cokali ba ya iya riƙewa saboda zafi. A ƙarƙashin farcensa akwai wasu siraran layuka baƙi-baƙi kamar sartse, fitsarinsa kuma ya koma kalar shayi. Gwaggonmu ta ce sammu ne. Me za mu yi?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam 'yata. Fitsari kalar shayi ai shawara ce. Ki duba idonsa ko ya yi rawaya. Allah ya ba shi lafiya.

Mai tambaya: Amin Hajiya. Idon fari ne fes, sai wasu ɗige-ɗigen jini a cikin fatar ido ta ƙasa.

Likita: 'Yar uwa, ku kai shi babban asibiti yau, ba gobe ba. Ban gan shi ba, amma abin da kika lissafa ya yi kama da endokadaitis, wato ƙwayoyin cuta sun shiga jini sun maƙale a bawul ɗin zuciya. Bawul da ya riga ya lalace shi suka fi kamawa, cire haƙori kuma yana buɗe wa ƙwayoyin baki hanyar shiga jini.

Ƙurajen nan masu zafi a kan yatsu mu muna ce musu ƙullutun Osler, sunan likitan da ya yi bayaninsu. Galibi aikin garkuwar jiki ne: tana yaƙi da ƙwayar cutar, abin da ya dunƙule a yaƙin sai ya sauka a ƙananan jijiyoyin jini ya kumbura su. Suna iya ɓacewa cikin kwana ɗaya ko biyu, kada ku ɗauka sauƙi ne. Irin wannan dunƙulen idan ya sauka a ƙoda shi ke sa jini ya fito a fitsari, ga dalilin kalar shayin da Hajiya ta ɗauka shawara ce. A bayan ido ma yana barin tabo, sai likitan ido ya haska zai gani. Ki duba tafin hannunsa da tafin ƙafa, ko akwai wani ja-ja shimfiɗaɗɗe marar zafi, tabon Janeway, shi kuma ɓarɓashi ne ya ɓalle daga bawul ya toshe jijiya. Ɓarɓashin nan idan ya nufi ƙwaƙwalwa, shanyewar ɓarin jiki ne. Shi ya sa nake cewa yau.

Malam Kafinta: Likita, ni ma ina da layukan nan a farce shekara da shekaru, hankalina ya tashi.

Likita: Kwantar da hankalinka Malam, naka bugun guduma ne ya jawo su. Su kaɗai ba zazzaɓi ba sa nuna komai.

Wata 'yar uwa: Kafin su tafi ba sai a fara ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta Augmentin daga kemis ba?

Likita: A'a, wannan ne kuskuren da ya fi ba mu wahala. Sai an ɗebi jini sau uku an rene shi a kwalba an ga ƙwayar da ta tsiro, sannan a yi hoton zuciya na eko. Maganin kemis yana ɓoye ƙwayar ba tare da ya kashe ta ba. Maganin gaskiya ta jijiya ake yi, sati 4 zuwa 6, wani lokaci har da tiyata.

Mai tambaya: Likita, ai maganin taifot ɗin har jiya yana sha. Na duba tafin ƙafar, akwai ja guda biyu, ya ce ba zafi.

Likita: Ki tafi da kwalin maganin da tsohon katinsa na zuciya. Ki faɗa musu ranar da ya sha na ƙarshe da ranar cire haƙorin tun kafin su tambaya.