Wa ya taɓa sa wa kwale-kwalensa sitiyari?

Mai tambaya, Yauri: Salamu alaikum 'yan'uwa. Jirgina na katako ne, da injin Yamaha mai doki 15. In na zauna a gindin inji sai goshi ya ɗaga, ba na ganin gabana sai yaro ya tsaya yana nuna min hanya da hannu. Kun san tafkin Kainji, itatuwan da ruwa ya shanye tun 1968 kututturensu na nan, da ruwa ya ja baya sai karo. Yaron kuma ya koma makaranta. Sitiyarin kanti ya fi ƙarfin aljihuna. Wanda ya taɓa haɗa na gida ya ba mu labari.

Na Warra: Wa alaikumus salam. Ni na yi. Sitiyarin tsohuwar mota na samo wurin 'yan gwangwan, mai walda ya jona shi da guntun bututun ƙarfe, muka kafa a bencin tsakiya. Na naɗa igiya sau huɗu a bututun, bakinta biyu suka bi gefe da gefe ta cikin fuli, wato 'yar tayar da igiya ke bi ta kanta, suka haɗu a hannun inji. Ranar gwaji bakin ruwa cike da jama'a. Na murza dama, jirgi ya yi hagu, ya nufi inda mata ke wanki, kowa ta kwashi kwanonta. Ashe na manta hannun inji a juye yake aiki, ka tura shi hagu jirgi ya yi dama. Sai da na warware na sauya naɗin. Har yau yara "direba" suke kirana.

Daga Yeji, Ghana: Na Warra, ba ka faɗi irin igiyar ba, kuma nan rigimar take. Ta nailan na fara sawa, irin ta raga. Tana jiƙa tana miƙewa, sati biyu sai ka juya sitiyari kusan rabi inji bai ko motsa ba. A tafkin Volta, da kututturenmu, wannan lagwanin ya isa ya fasa maka jirgi. Na koma kebur ɗin birki, shi kuma tsatsa ta cinye. Abin da ya zauna min: igiya mai tauri, da sifirin ɗin tsohon gadon ƙarfe a kowane gefe yana ɗame ta.

Na Nguru: Ni cirewa na yi. Ruwanmu duk kachala ne da ciyawa, minti kaɗan farfela ta naɗe, dole ka koma baya ka ɗaga inji. Bututun roba na ruwan famfo na gasa bakinsa a wuta, na cusa a mariƙin totur na ɗaure da zobe. Ina tuƙi a tsaye, ina ganin gaba, ina ba da wuta da hannu ɗaya.

Baba daga Zamare: Ɗana, tambayar da ba ka yi ba ita ce ta tsayawa. Sitiyari yana tsakiya, amma totur da giya da abin kashewa duk suna baya. Wani maƙwabcina ya hango tarun kamun kifin mutane a gabansa, kafin ya tsallake kwanduna ya kai ga inji, farfela ta riga ta yi kaca-kaca da tarun. Biyan da ya yi ya fi kuɗin sitiyarin kanti. In za ka yi, ka ƙara wa jar igiyar nan ta kashe inji tsawo, ka ɗaura a wuyan hannunka. Kada kuma ka yarda mai walda ya yanke hannun inji don aiki ya yi kyau, ranar da igiya ta tsinke shi zai kai ka gida.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, Baba. Bari in fara da na Nguru, shi ne daidai aljihuna. Na Nguru, bututun kamu nawa ka yanka? Ba ya lanƙwashewa in rana ta yi zafi?