Bature mai yaƙi da wariya: wa zai bi masa bahasi?

Auta: Salamu alaikum. Maganar da na faɗa jiya aka yi min ca, yau ma ina kanta. Duk Baturen da ya ce yana yaƙi da wariyar launin fata a Amurka, dole a samu baƙaƙen fatar da za su iya tsare shi su ce: wa ya aike ka, ina kuɗin da ka tara da sunanmu? Ina Miniyapolis lokacin da ɗan sanda ya danne wuyan George Floyd ranar 25 ga Mayu, 2020. A daren kwana na uku wasu samari farare suka shigo layinmu, fuska a rufe, suna jifan 'yan sanda da kwalabe. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta fito da silifas ɗin wanka tana roƙonsu su bari. Ɗaya ya ce mata ai don ita suke yi. Da dare ya raba suka shiga motocinsu suka tafi gida. Mu muka kwana da hayaƙi mai sa hawaye, kantin da take karɓar maganin hawan jini kuma aka wayi gari ya ƙone.

Direba: Ƙanwata, abin da ya sami tsohuwar nan ya taɓa ni wallahi. Amma waɗannan 'yan ta-kife ne. Tambayata ɗaya: wane baƙin za a bi? Shekara goma sha biyu ina tuƙa tasi a Kolombos, na ɗauki baƙar fatar da ke son a rage kuɗin 'yan sanda, na ɗauki wanda ke son a ƙaro su unguwarsu. Clarence Thomas na Kotun Ƙoli ma baƙi ne. Bature zai zaɓi baƙin da ke faɗin abin da yake son ji, ya ce ga wanda nake bi. To me aka yi? Kuma mutumin da ya ga zalunci ya hana, ba sai ya nemi izinin kowa ba. Tsakaninsa da Allah ne.

Malamin Tarihi: Ku biyun kun taɓo tsohuwar gardama. A 1964 ƙungiyar ɗalibai ta SNCC da abokanta suka gayyato ɗaruruwan ɗalibai farare zuwa Misisipi don yi wa baƙaƙe rajistar zaɓe. Da gangan aka gayyace su, don an san jarida da gwamnati sai ɗan Bature ya shiga haɗari suke waiwaye. Ranar 21 ga Yuni 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar farare masu tsananin ƙin baƙar fata, suka kashe mutum uku: James Chaney baƙi, da Andrew Goodman da Michael Schwerner farare. Ƙasa ta girgiza. Ana cikin neman su aka tsamo gawar wasu samari baƙaƙe biyu daga ruwa, Henry Dee da Charles Moore, waɗanda tun watan Mayu aka kashe su babu wanda ya tada hankali. Matar Schwerner da bakinta ta nuna cewa da Chaney kaɗai ya ɓace, da ba a ji labari ba. Shekara biyu bayan haka, a Disamba 1966, SNCC ta kaɗa ƙuri'a farare su fita, 19 da 18.

Direba: Malam, ka ga abin da nake gudu ke nan. Mutane sun ba da ransu, an saka musu da kora. Bob Zellner, Baturen ma'aikacin SNCC, ya sha duka da ɗauri saboda ƙungiyar nan, shi ma aka rufe masa ƙofa. Kuma bayan korar, ƙungiyar ƙarfi ta yi? Cikin 'yan shekaru ta watse. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Malamin Tarihi: Ta watse, gaskiya ne, sai dai dalilai da yawa ne, har da bibiyar FBI da ƙafewar kuɗi. Ƙafewar kuɗin ma abin dubawa ce: da yawa daga masu ba da gudummawa fararen jihohin arewacin ƙasar ne, da aka canza murya sai suka rufe aljihu. Wato tun farko linzamin yana hannun wani. Kuma abin da Stokely Carmichael, shugaban SNCC a lokacin, ya ce wa fararen ƙungiyar shi ne su koma cikin 'yan'uwansu farare su yi aikin can, inda wariyar take da gindi. Zellner hakan ya yi, ya ci gaba da aiki cikin ma'aikata a jihohin kudancin ƙasar. Steve Biko, ɗan gwagwarmayar baƙar fata na Afirka ta Kudu, ma haka ya gani. A taron ƙungiyar ɗalibai ta NUSAS a Jami'ar Rhodes a 1967, aka kwantar da wakilai farare a ɗakunan jami'a, baƙaƙe aka kai su wani ɗakin coci a wajen gari, kuma duk sunansu 'yan ƙungiya ɗaya. Daga nan tunanin kafa SASO, ƙungiyar ɗalibai baƙaƙe, ya samo asali.

Hajiya ta Bronx: Bari in sa baki, 'ya'yana. Ina nan lokacin da 'yan sanda huɗu suka harbi Amadou Diallo, yaron Gini mai talla, harsashi 41 a ƙofar gidansu, Fabrairu 1999. Mu 'yan zango duk mun ce da ɗanmu ne haka za a yi. Na je zanga-zangar da aka riƙa yi a hedikwatar 'yan sanda, an kama mutum fiye da dubu, har da tsohon magajin garin New York David Dinkins. Turawa sun zo, Yahudawa sun zo da malamansu, sun miƙa hannu an sa musu ankwa. Babu wanda na ga ya ƙwaci lasifika. An ce a zauna, sun zauna. Mahaifiyar yaron, Kadiatou, ita ake saurara. Direba, ɗana, ba a ce Bature ya jingine hankalinsa ba. Amma baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Wanda zai iya tafiya gida idan wuta ta tashi, shi ya kamata ya tambayi wanda ba shi da wurin zuwa.

Direba: Hajiya, a kan kuɗi na sallama. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, wanda ya tara dala da hoton gawar wani ya kawo lissafi. A kan lasifika ma na yarda. Inda na tsaya shi ne a ce fatar mutum kaɗai ta isa ta sa ya zama mai gaskiya. Ni baƙi ne, kuma na sha yin kuskure a kan 'yan'uwanmu baƙaƙen Amurka kafin in san tarihinsu.

Auta: Yaya, ban ce fata ba, unguwa na ce. Ƙungiyar yaƙi da wariya ta SURJ da farare suka kafa a 2009 ta rubuta cewa za ta riƙa komawa ga ƙungiyoyin da baƙaƙe da sauran marasa rinjaye ke jagoranta, duk da haka wasu baƙaƙe sun soke ta cewa maganar ta fi aikin yawa. Abin da nake nufi mai sauƙi ne: a san sunan mutanen da kake komawa wurinsu, su san inda za su same ka, kuma idan sun ce tsaya ka tsaya. Yaron nan da ya ce wa dattijuwar don ita suke yi ba ya bukatar ƙuri'ar baƙaƙen Amurka duka. Mutum ɗaya ce a gabansa, a ƙofar gidanta.

Hajiya ta Bronx: Ya aka yi da maganin nata?

Auta: Bas biyu take hawa ta karɓo, Hajiya, har kusan shekara. Ranar da ƙafarta ta kumbura ni nake zuwa mata.